Lokacin da Gurun Ƙanena Ya Ajiye Riga

Ina cikin labo, ɗakin gwaje-gwajenmu a Saint-Fons kusa da Lyon, ina auna ruwan da masana'anta ke saki kafin ya gangara kogi, aka ce ana nemana a tarho. Muryar wata Bafaranshiya ce da ban sani ba. Ta ce ita ce mai dafa abinci a gidan ibadar su ƙanena a Paris. Ta ce ƙanena ya daina fita aiki, abinci ma sai an matsa masa, kuma a cikin kayansa lambata kaɗai suka samu. Na ce to, zan zo ranar Asabar. Na ajiye kan tarho, na koma na ƙarasa awon da na fara.

Ƙarshen 1994 ne, ganye ya gama zuba. A shekarar ce aurena ya mutu, ba faɗa ba tashin hankali. Mutumin ya kwashe littattafansa ya koma Yamai, ni na ci gaba da zama a ɗakunan da muka kama a Bron, a gefen Lyon. Da safe in hau bas in tafi aiki, da yamma in dawo in dafa abin da ya sawwaƙa. Ba na jin daɗi, ba na jin zafi. Shi ya sa kiran bai faɗar mini da gaba ba. Na dai duba kalanda na ga ba ni da aiki a ƙarshen makon.

Babanmu ya yi shekaru yana aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, can ni da ƙanena muka ƙarasa girma. Da ya ajiye aiki ya koma Damagaram tare da Inna, mu biyu muka tsaya karatu. Ni na gama na sami aiki a Lyon. Shi kuwa a shekararsa ta farko a jami'a ya haɗu da wasu mutane masu tufafi ruwan goro suna kiɗa da waƙa a bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya bi su cin abincin Lahadi, kafin shekara ta zagayo ya aske kansa ya bar tukku a ƙeya. Addini ne da ya zo daga Indiya. Suna bauta wa Kirishna, suna jan carbi da sunayensa, ba sa cin nama. Tsohon Ba'indiyen da ya kawo hanyar Turai ya daɗe da rasuwa, wasu daga cikin mabiyansa Turawa suka hau kujerarsa, ana ce musu guru. Ɗaya daga cikinsu ne ya karɓi ƙanena, ya ba shi sabon suna, ya ja carbi ya miƙa masa. Da labari ya kai wa Baba bai yi faɗa ba. Ya daina ambatonsa ne kawai. Inna ce ke tambaya, a ƙarshen kowane kira, da murya ƙasa-ƙasa.

Na sauka a metiro na Belleville, na haura ta gaban mahautan Larabawa da shagunan 'yan Sin, na shiga wani siririn layi. Ƙasan gidan butik ne, ana sayar da turaren tsinke da zannuwan Indiya, an jera 'yan tebura a gefe don masu cin abinci. Matar da ta kira ni ta fito daga kicin tana goge hannu. Dattijuwa ce mai furfura, ta yafa zanen Indiya a kan rigar sanyi, tana ƙanshin man shanu. A kan matakala ta gaya mini abin da ya faru. A damina gurun ya tara mutanensa, ya ce ya gaji, ba zai iya ba. Ya cire rigar ruwan goro ya sa wando, ya tafi da wata mata daga cikin mabiyansa. Tun daga ranar gidan bai zauna lafiya ba.

Na iske ƙanena a ɗakin kwanan maza, zaune a kan tabarma. Ya rame. Hannunsa na dama yana cikin 'yar jakar da suke sa carbi, amma hannun ba ya motsi.

"Yaya, kin zo."

"Na zo."

Da Hausa ya yi maganar. Mun yi shekaru muna magana da Faransanci. Na zauna kusa da shi, na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, kamar mai zazzaɓi. A jikin ƙusa na ga hular gashi a rataye, irin ta maza, da jaket da wando. Na ce wannan fa?

Ya ce kayan aiki ne. A nan na fara sanin aikin da yake yi. Ni na ɗauka waƙa yake yi a titi yana raba littattafai. Ashe tun da daɗewa an daina wannan, don ba ya kawo abin kirki. Mota ce ake zuba su a ciki, a kai su garuruwa, a sauke su a wurin ajiye motoci na manyan kantuna. Su rufe tukku, su goge farar ƙasar da suke shafawa a goshi, su sayar da kyandir da turare da 'yan hotuna. Shi an ba shi kwali mai hoton yara riƙe da kwanoni. Yana ce wa mutane taimako ne don yaran Afirka masu yunwa.

"Ni na fi kowa kawowa," ya ce. "Suna ganin fuskata ba sa tambaya."

"Kuɗin ina suke zuwa?"

"Haya. Tafiye-tafiyen guru. Motarsa. Abincin Lahadi kyauta ne, wannan gaskiya ne, kowa ya zo zai ci."

"Yaran fa?"

"Ba yara, Yaya. An koya mana duk wanda kuɗinsa ya shiga hidimar Ubangiji ya sami lada, ko ya sani ko bai sani ba. Taimakonsa muka yi."

Ya faɗi wannan kamar mai karanta allon tasha. Ni ma haka na ji shi. Na tuna na lura da cewa tagar ɗakin ba ta rufuwa sosai, an cusa tsohuwar jarida a tsagar.

Washegari Lahadi suka yi taro a ɗakin ibada, bayan abincin rana. Ba wanda ya ce in fita, sai na zauna a baya wajen takalma. A gaba akwai gumakansu biyu an yi musu ado da furanni, namijin yana busa sarewa. A gefe ga wata babbar kujera mai rufin ja, ba kowa a kai, a bangon samanta kuma ga shatar wurin da aka cire hoto.

Shugaban gidan ne ya fara magana, wani gajere mai tabarau wanda mabuɗai ke rataye a ƙugunsa. Ya ce majalisar manya ta aiko da saƙo: kowa ya kwantar da hankali, ya zaɓi wani guru daga cikin waɗanda aka amince da su, ya sake mubaya'a. Kafin nan kuma mai gida ba ya jiran guru, haya yake jira. Don haka za a faɗaɗa butik ya zama restoran, gidan abinci sosai, ɗakin ibada kuma a riƙa ba da shi haya a tsakiyar mako ga masu koyar da yoga.

Sai wani dogo ya miƙe. An ce mini da can malamin lakwal ne, yana koyar da yara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba wani mai rai da ya cancanci wannan kujera, tsohon da ya rasu shi kaɗai ne guru, bai naɗa kowa ba, su suka naɗa kansu. Ya ce wanda ya tafi ba shi ne na farko ba, ba kuma zai zama na ƙarshe ba. Ya ce da sun sayar da kyandir, yanzu za su sayar da ɗakin da ake sujada a ciki.

Shugaban ya ce ba a taɓa yin hanya ba tare da jagora mai rai ba, littafi ba ya duban idon mutum ya gyara shi. Dogon ya ce littafi kuma ba ya guduwa da matar wani. Suka shiga jawo maganganun tsohon, wannan ya ce ya faɗi kaza a wata shekara, wancan ya ce ba haka ake fassara kalmar ba. Wasu na gyaɗa kai ga wannan, wasu ga wancan. Wata mata tana shayar da jariri. Ƙafata ta yi sanyi a kan siminti, na lanƙwashe ta ƙarƙashin zane.

Can ƙanena ya ɗaga hannu, kamar a aji. Aka juyo wajensa, don ya daɗe bai yi magana a cikinsu ba.

Ya ce, "Tambaya gare ni. Mutanen da na ce wa kuɗinsu na yara ne, an gaya mini nauyin ba ya kaina, guru ya ɗauke. Yanzu da ya tafi, nauyin yana kan wa?"

Shugaban ya gyara tabarau, ya ce sabon guru zai ɗauka, shi ya sa bai kamata a yi jinkiri ba. Dogon ya ce tsohon bai taɓa halatta ƙarya ba, don haka laifin na waɗanda suka aike shi ne, kuma ya kamata ya fito ya faɗa wa duniya. Ƙanena ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce ya gode. Mai dafa abinci ta tashi ta sauka ƙasa, muka ji ƙarar tukwane. Aka koma maganar haya.

Da yamma na ce masa ya tattara kayansa. Bai yi musu ba. Kayan ba su cika jaka ɗaya ba, har da wani ƙaramin akwati mai 'yan gumaka biyu na tagulla. Ya sa jaket da wandon aiki, ya bar hular gashi a ƙusa. Mai dafa abinci ta ba mu gurasarsu a nannaɗe, ta taɓa kafaɗarsa. A jirgin ƙasa ya jingina kai da taga har Lyon. Ni na cinye gurasar.

Zamanmu a Bron zaman mutum biyu ne da ba sa takura wa juna. Na ba shi ƙaramin ɗaki. Akwatin ya sa shi a saman kabad, ban ga ya buɗe ba. Bayan 'yan makonni ya karɓi girki ba tare da mun yi shawara ba. In dawo daga aiki in tarar da shinkafa da miyar wake da kabewa, ba nama, ba albasa, ba tafarnuwa. Da farko nakan tsaya a hanya in ci nama wajen wani Baturke kafin in iso gida, daga baya na daina, ba don komai ba sai don tsayawar ta zama wahala. In na shiga ɗaki yin salla, ya rage ƙarar rediyo. Shi ba ya salla, ba ya jan carbi. Yakan zauna a baranda yana kallon ɗalibai suna wucewa zuwa jami'a.

Azumi ya zo mana cikin sanyi. Shi ke haɗa mini abin buɗa-baki, ya dama kunu kamar yadda ya ga ana yi muna yara. Ban san ko yana azumi ba, don abin da yake ci dama bai taka kara ya karya ba. Inna ta kira.

"Yana nan wurinki?"

"Yana nan, Inna."

"Lahiya lau?"

"Lahiya lau."

"Ya yi salla?"

"Yana cin abinci, Inna."

Ta ce Allah ya shirya. Na miƙa masa kan tarho, ya girgiza kai, ya shiga kicin.

Mutanen gidan ibadar ba su bar shi ba. Dogon ne ya fara zuwa, wata Asabar, da jaka cike da takardu da ya buga. Yana so ƙanena ya je wani taro ya ba da labarin motar da kwalin yara a gaban jama'a, don a ga irin abin da gurun ƙarya ke haifarwa. Ya ce shaidarsa ta fi ta kowa nauyi, saboda shi ɗan Afirka ne. Ƙanena ya zuba masa abinci, ya zauna yana kallonsa yana ci, ya ce zai yi tunani.

Shugaban gidan ya zo daga baya. Ya ce yanzu komai a fili ake yi, ba kwali, ba hular gashi. Turare kawai da sabulu, a kasuwannin Lyon, kuma za a riƙa ba shi kaso. Ya ce akwai wani guru mai zuwa daga Amurka, mutum mai sauƙin kai, ya kamata ya gan shi. Ina zuba masa shayi na ga takalminsa ya tsage a gefe. Ya ce yana da 'ya'ya uku, kuma in ya saki gidan, gumakan nan a titi za su kwana. Ban ji yana ƙarya ba. Ƙanena ya zuba masa irin abincin da ya zuba wa dogon, ya ce zai yi tunani.

Da suka tafi na tambaye shi wanne ya fi gaskiya a cikinsu.

Ya ce, "Ban sani ba. Duka biyun fuskata suke so."

Ya ɗauki kwanoni ya tafi wankewa.

Da bazara ya sami aikin wanke tukwane a kantin cin abincin ɗalibai. Farantan nama ma shi ke wankewa, ya sa safar roba, bai taɓa kawo ƙorafi ba. Tukkun bai yanke shi ba. Ya daina aski ne kawai, sauran gashin ya tsiro ya iske shi, har ba a gane inda yake.

A shekara ta gaba Baba ya zo Lyon aikin ido, yana ta fama da yanar ido. Na gaya masa a tarho cewa ƙanena yana gidana, ya ce ya ji. Na ɗauko shi daga tasha, muka hau sama, ƙanena ya buɗe ƙofa ya durƙusa. Baba ya tsaya yana ƙanƙance ido.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Karɓi jakar nan."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Na yi shekaru ina tunanin yadda wannan haɗuwa za ta kasance, da ta zo sai na sami kaina ina neman inda zan rataya rigar sanyin Baba.

Bayan an yi aikin, likita ya ce a riƙa ɗiga masa magani safe da rana da yamma. Ni ina wurin aiki, sai ƙanena ya ɗauki hutu. Nakan dawo in tarar Baba ya ɗaga kai a kan kujera, ɗansa ya riƙe masa haɓa yana ɗiga maganin, yana goge abin da ya gangaro da auduga. Baba yana cin girkin ɗansa ba ƙorafi, sai rana ɗaya da ya tambaya ko albasa ta ƙare a Faransa.

Wata Lahadi da la'asar suna baranda, ni ina guga a falo, ƙofa a buɗe. Na ji Baba ya ce, "Mutumin nan da ka bi, me ya ce shi ne?"

"Bai ce shi Allah ba ne, Baba. Ya ce in na riƙe shi zan isa."

"Ka riƙe shi?"

"Na riƙe shi."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce lokacin da yake saurayi ya ga 'ya'yan wani babban malami sun kai juna gaban alƙali a kan wanda zai zauna a buzun mahaifinsu, kuma duk cikinsu ba mugu. Bai ƙara a kan wannan ba. Ya ce, "Ka zo mu koma gida. Ba wanda zai tambaye ka komai, ni zan hana."

"Ba yanzu ba, Baba."

"To."

Na tsaya da dutsen guga a hannu ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ɗan kaɗan ne ya motsa. Na juya rigar na goge ɗaya hannun.

Baba ya koma da idonsa garau. Ba a daɗe ba ƙanena ya ce zai koma Paris. Na ɗauka wajen ɗaya daga cikin mutanen nan biyu za shi, ya ce a'a. Mai dafa abinci ta bar gidan, don an ɗauko wani kuku mai takardar shaida. Tana zaune a wani ɗaki a bayan gari, ranar Lahadi takan dafa babbar tukunya, duk wanda ya zo ya ci, ba wa'azi, ba kujera. Shi zai nemi aikin kicin a kusa, ya riƙa taya ta. Ya sauko da akwatinsa daga saman kabad, ya goge ƙura da hannun riga, ya sa a jaka. Na raka shi tasha na dawo na tafi aiki.

Na bi ta layin nan na Belleville sau ɗaya, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Restoran ya ci har sama, ta taga ana hango tebura da fararen ƙyallaye inda muka zauna taro. Na ji an kai gumakan wata gona. Mutanen dogon kuma an ce sun rabu biyu a kan fassarar wata kalma. Ban shiga ba, ina saurin kama jirgi.

Wata rana ƙanena ya kira ni daga kabin, tarhon bakin titi mai aiki da kati. Ya ce ya ga busasshen zogale a wani shago, yana so ya yi kwaɗo ranar Lahadi, ko na san yadda ake yi. Na ce ban taɓa yi da kaina ba, Inna ce ta iya, kuma bayan la'asar tana gida. Ya ce to.

Bayan kwana biyu Inna ta kira ni. Ta ce ya buga mata.

"Me kuka ce?"

"Zogale. Na ce ya tafasa ya tsane ruwan sosai, kar ya yi sauri. Ya ce ba ƙuli-ƙuli a can, na ce ya soya gyaɗa ya daka. Muna cikin maganar gishiri katinsa ya ƙare."

Na ce zai sayi wani. Ta ce in gaya masa kar ya cika yaji, Turawa ba sa jurewa. Na ce zan gaya masa.